Ramin da Ke Cikin Takalmina

Masu tambaya ina na shige kwana biyu, ku yi haƙuri. Ni dama ba mai yawan magana ba ce, rubutun ma da girmana na koya, sai na zauna na jera kalmomin a hankali kamar mai ninke kayan mutane. Ga sababbin zuwa kuma, ga ni a taƙaice: guga nake yi a wani shagon wanki, a tsaye daga safe har yamma. Shekarun da sa'o'ina suka yi a aji, ni a gefen gadon Baba na yi su, ina juya shi ina sauraren numfashinsa, har Allah ya karɓi abinsa. Bayan nan na shiga makarantar manya. Yanzu ina dab da talatin, an kuma sa ranar aurena da mai ɗinkin takalmin da ke tsallaken titin shagonmu.

Ƙanwata Auta, Gam take ce masa.

"Yaya, ga Gam ɗinki nan tafe. Tun bai shawo kwana ba hancina ya gaya min."

Shi kuwa Talatin da Takwas yake kira na, lambar ƙafata ke nan. Ranar da na fara shiga shagonsa ɗingishi nake yi. Wata kanta ce ta fito min a dunduniyar hagu, idan na daɗe a tsaye sai ta riƙa zugi. Ya sa na ɗora ƙafar a kan ɗan bencinsa, ya duba, ya ɗinka min takalmi ruwan ƙasa. A shimfiɗar cikinsa ya ƙwaƙule wani ɗan rami daidai inda kantar take, don kada ta taɓa komai. Tun daga ranar zugin ya ɗauke. Ban taɓa samun wanda ya lura da inda ke min ciwo ba tare da na faɗa ba. Idan kuna neman inda son ya fara, to a nan ne.

Ana cikin haka, a wurin wanka na ji wani ƙullutu, a gefen nonon dama, ta wajen hammata. Zagayayye ne sumul, yana gudu a ƙarƙashin yatsa, ba ya ciwo ko kaɗan. Likitar da na fara gani, wata mace mai saurin magana, ta ce irinsa ba ya cika zama abin tsoro a shekaruna. Amma da na koma ya ninka, wani ƙarami kuma ya fito kusa da shi. Sai na ga saurin maganarta ya ragu. Ta sa allura mai kauri ta ɗebi naman ta aika gwaji. Sakamakon ya daɗe bai fito ba. Kullum na kira sai a ce ana ƙara dubawa.

Ranar da aka ce in zo, Gwaggo ce ta raka ni, yayar Baba. Tun rasuwarsa ita ke yanke magana a gidanmu. Ta sha babban mayafinta mai ruwan toka, ta rungume jaka a ƙirji kamar za a ƙwace mata.

Ba likitata muka tarar ba. Wani dattijo ne mai furfura a gefen kunne. Na'urar sanyaya ɗakin tana ɗiga cikin wani bokiti, ɗis, ɗis. Ya dube ni, ya dubi Gwaggo.

"Ita ce mahaifiyar?"

"Ni ce komai nata. Faɗi, likita, muna ji."

Ni ya fuskanta, ba ita ba.

"'Yata, kansa ce. Ciwon daji ke nan, ba zan ɓoye miki ba. Amma akwai abin da nake so ki gane, shi ya sa sakamakon ya daɗe. Kowace gaɓa a jikin mutum da irin ƙwayoyinta. Na nono daban, na huhu daban, na hanji daban. A ɗakin gwaji ana zuba wa naman da aka ɗiba rini iri-iri, kowane rini da ƙwayar da yake kamawa. Rinin da ke kama ƙwayoyin nono bai kama naki ba. Aka sake, bai kama ba. Sai aka shiga gwada na sauran gaɓoɓi."

"Ban gane ba," in ji Gwaggo.

"Abin da ke nononta baƙo ne, Hajiya. Ba a nan aka haife shi ba. Daga wani wuri ya taso, ya biyo jini ya sauka nan. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma yana faruwa."

Gwaggo ta gyara zama. "Dakata. Ke nan ba ciwon nono ba ne?"

"Ba daga nono ya fara ba."

"Ba za a yanke mata ba?"

"Yanke shi ba zai magance komai ba."

"Alhamdulillahi!" Ta ɗaga hannu biyu sama, jakar ta zame ta faɗi. "Alhamdulillahi! Ke, kin ji ko? Ba za a taɓa ki ba!"

Na ji. Na kuma ji abin da ita ba ta tsaya ji ba. Shekarun jinyar Baba sun koya min cewa maganar likita tana ƙarshen jimla, wurin da muryarsa ke sauka. Cewa ya yi ba zai magance komai ba. Ya sunkuya ya ɗauko mata jakar, bai yi murmushi ba.

"Rinin da ya kama," ya ci gaba, "na ƙwayoyin da ke ba fata launinta ne. Saboda haka a fata muke zargin ya fara. Sai mun gano wurin, sai kuma mun ɗauki hoton jiki duka mun ga ko ya sauka wani wuri ban da nono, sannan mu san maganin da ya dace. 'Yata, akwai wata tawadar Allah a jikinki da ta canja? Ta ƙara girma, ko ta yi ƙaiƙayi, ko jini? Ko wani baƙin tabo da aka taɓa cire miki?"

"Babu," in ji Gwaggo. "Ni na yi mata wankan farko. Jikinta fes yake."

"Ita nake tambaya, Hajiya."

Na bi jikina a zuci. Fuska, wuya, hannuwa, ciki. Akwai ɗigo ɗaya a kafaɗata tun ina yarinya, yana nan yadda yake. Na ce, "Ban san da wani ba, likita."

Ya ce bari ya duba ni yanzu daga kai har ƙafa. Gwaggo ta miƙe tsaye.

"A'a. Yarinyar da aka sa wa rana? Waccan ta farko mace ce shi ya sa na yi shiru. A nemo mace."

Ya dube ni ko zan ce wani abu. Ban ce ba. Kun san ni. Ya ce to likitar fata mace ce, ranar Alhamis take zama, kafin nan a ɗauki hoton. Har mun kai ƙofa ya ce, "Kada ki ɗaga ranar nan, 'yata. Ko me ake yi a gida."

A falo muka tarar da Umma tana ɗinke bakin labulen da za a kai ɗakina, Auta na kwance a kafet tana latsa waya. Gwaggo ba ta ko cire mayafi ba.

"Ku gode wa Allah. Ba na nono ba ne. Wai wani abu ne na fata, magani za a ba ta."

Umma ta dube ni. Allurar ta tsaya a hannunta. Ita ma ta yi jinyar Baba.

"Haka ne?"

"Ya ce kansa ce, Umma. Ya ce daga wani wuri ta zo."

"Ke dai da baƙin baki!" Gwaggo ta juyo kaina. "Mutum ya ce ba za a yanka ba, me kuma kike nema? To ku saurara dukanku. Maganar nan a ɗakin nan ta tsaya. Yaron nan ba zai ji ba, uwarsa ba za ta ji ba, sai an ɗaura. Bayan nan matarsa ce, ya ji da ita."

"Yaya," in ji Umma a hankali, "anya ba a cuce shi ba?"

"Cuta? Shekara nawa muka yi muna sauraren sallama a ƙofar nan? Sa'o'inta har sun fara aurar da ƙannensu. Ɗaya tilo ya tsaya, ki ɗauki kalmar kansa ki kai masa? Ko shi ya jure, uwarsa za ta jure? Ke kuma Auta, bakin nan naki."

"Ni me na ce, Gwaggo? Ko gaisawa ba ma yi da Gam sai da rigima."

Ba wanda ya yi dariya.

Na shige ɗaki. Rana ta yi sanyi, hasken yana shigowa ta labule ya faɗa kan akwatunan da aka jera, da farin leshin da tela ya kawo ban ko gwada ba. Na zauna bakin gado. Wayata ta yi ƙara, saƙonsa ne.

"Talatin da Takwas, ya asibitin? Kin ce ciwon kai ne, Allah ya sa sun ba ki magani mai kyau."

Kafin in san abin da zan rubuta wani saƙon ya shigo.

"Fatar takalmin biki ta iso, fara sol, sai kin gani. Ki biyo gobe in sake gwada ƙafar. Ina ga sai na ƙara faɗin ramin, wancan ma ya fara yi miki kaɗan."

Na karanta. Na ajiye wayar. Na sake ɗauka na karanta kalmar ƙarshe.

Kaɗan.

Ban san lokacin da na durƙusa na jawo kwalin da ke ƙarƙashin gado ba. Ban taɓa zubar da abin da ya ɗinka min ba. Na fito da na hagu na kowanne, na jera a kan tayil. Ruwan ƙasan nan na farko. Baƙin da ya ba ni bara. Sai wanda na cire yanzu, da sauran ɗumin ƙafata a ciki.

Na zura yatsa. Ramin na farko bai wuce maɓallin riga ba. Na biyu ya kai murfin kwalba. Na uku yatsuna uku suka shige suka zauna, gefensa kuma ba zagayayye ba ne, ya bi shi ne da wuƙa lungu-lungu, kamar yadda abin yake. A tsakiyarsa akwai wani tabo da ya bushe. Na sha ganin irinsa a safata, ina cewa rinin fatar takalmi ne ke zuba.

Wa ke kallon ƙarƙashin ƙafarsa? Ku gaya min gaskiya, yaushe rabonku? Ni kanta na sani, kanta nake gogewa da dutse in wuce. Ba ta ciwo, to me zai sa in tuna da ita a gaban likita?

Na ɗauko madubin hoda na cire safar.

Ba kanta ba ce. Baƙi ne wuluk a tsakiya, gefe ɗaya ruwan ƙasa, gefe ɗaya kamar toka, ya bazu kamar tawadar da ta zube a aljihun farar riga. Wani wuri ya ɗan tashi, yana ƙyalli da danshi. Hannuna ya tafi da kansa zuwa matsematsina na hagu, inda kaluluwa ta fito min watannin baya, na ce tsayuwa ce. Tana nan. Ta yi tauri.

"Yaya, Umma ta ce ki fito ki sha shayi ko… Lah, baje kolin Gam ake yi? Nawa nawa?"

Auta ce a bakin ƙofa. Ta ga takalman, ta ga madubin, sannan ta ga ƙafar. Dariyar ta mutu a fuskarta.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Rufe ƙofar."

Ta rufe ta jingina da ita. "Tun yaushe yake haka?"

"Ban sani ba."

"To wa ya sani?"

Dukanmu muka dubi takalman.

Washegari aka ɗauki hoton da safe. Aka kwantar da ni aka tura ni cikin wata na'ura mai kama da bakin rijiya, wata murya tana cewa in riƙe numfashi, in saki. Gwaggo na waje tana waya da mai kujerun haya. Da muka fito ta hau mota zuwa gida, ni na ce zan leƙa wurin aiki.

Ban shiga wurin aiki ba. Na tsallaka titi.

Yana zaune a inda yake kullum, tsumma a cinya, ƙusoshi biyu a leɓe, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Warin gam da fata ya tare ni. A kan tebur ga farar fatar, an riga an zana ƙafata a kai.

"A'a, amarya da kanta." Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu. "Me ke cikin ledar? Kada dai ki ce kin kai aikina wurin wani."

Na zauna. Na fito da takalman na jera masa a kan benci. Ya dube su yana murmushi.

"Har wannan na nan? Ai kunya zai ba ni, lokacin hannuna rawa yake yi."

"Ina so in tambaye ka. Abin da ke dunduniyata, ranar farko, yaya yake?"

"Ɗan baƙi ne haka, kamar ƙwayar barkono. Me ya faru?"

"Ka ga yana girma?"

"Ina gani mana. Ba shi ya sa nake ƙara ramin ba? Ai na ce miki tsayuwar nan ta yi yawa, in mun yi aure…" Ya tsaya. "Talatin da Takwas, me ya faru?"

Muryar Gwaggo na cikin kunnena. Ɗaya tilo ya tsaya. Na dubi hannunsa, duk tabon wuƙa da baƙin gam a gefen farce. Hannun nan ya riƙe ƙafata fiye da yadda ni na taɓa riƙe ta. Na ga ranar ɗaurin aure, na ga shi yana murna a cikin mutane, shi kaɗai ne bai sani ba.

"Ba ciwon kai ba ne ya kai ni asibiti."

Na gaya masa. Ƙullutun, allurar, rinin da bai kama ba, baƙon da ya biyo jini. Na gaya masa har abin da Gwaggo ta ce. Ban yi kuka ba, ban kuma ɗaga kai ba. Idona a ƙasa na yi maganar duka.

Ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Ya ɗauki ruwan ƙasan ya sa babban yatsa a ramin. Ya ajiye, ya ɗauki baƙin. Ya ɗauki na ukun. Ya daɗe a kansa.

"Ni na yi ta yi masa wuri," ya ce. Muryar ba tasa ba ce. "Yana girma ina matsa masa. Da na bar shi ya yi miki ciwo, da tuni kin je."

"Ba kai ba ne."

"Da na bar shi ya yi miki ciwo."

"Ranar Alhamis zan ga likitar fata," na ce. "Ban zo don in ɗaure ka ba. Ka yi shawara da Hajiyarka. Duk abin da ka yanke, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Ya ci gaba da juya takalmin a hannunsa. Na jira, ni da na iya jira. Wani ya leƙo da takalmin yaro a hannu, ya ga fuskarsa, ya juya. Na miƙe na fito, na bar masa takalman a kan benci.

Ranar ba saƙo. Washegari ma babu. Na ga ya karanta gaisuwata, bai amsa ba. Daga tagar wurin guga ina hango ƙofar shagonsa a rufe da kwaɗo. Na ƙona wuyan rigar wani, abin da ban taɓa yi ba.

Gwaggo ta gane, ban san ta yaya ba. Ta tsaya a kaina a kicin.

"Kin gaya masa."

Na sunkuyar da kai.

"Kin kashe aurenki da bakinki. To ki je asibitin ke kaɗai, tunda kin fi kowa sanin daidai."

Umma ta so bi na, jirin da ke damunta ya hana. Auta ta sa hijabi, na ce ta zauna da Umma. Ranar Alhamis ni kaɗai na hau mota, da silifas, dunduniyar na taɓa roba tana zugi kamar ranar farko.

A dogon bencin da ke ƙofar likitar fata mutane sun cika. Can ƙarshe wani na zaune da baƙar leda a cinya, ya riƙe ta da hannu biyu. Rigar da na gani a jikinsa a shago ce, duk ta yamutse. Idonsa ya faɗa.

Ya matsa ya ba ni wuri. Bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba. Ya dubi silifas ɗin.

"Waɗannan za su ji miki ciwo."

"Bari su ji."

Da aka kira ni ya miƙe ya biyo ni. Likitar doguwa ce mai tabarau a wuya. Kafin ta tambaya na cire silifas na ɗora ƙafar a kan gado. Ta sa tabaran, ta ɗauko wata 'yar fitila mai gilashi ta manna a wurin, ta leƙa. Ta daɗe. Ta sa ya juya baya, ta taɓa kaluluwar. Sannan ta ɗago ta tambaya.

"Tun yaushe?"

Shi ya buɗe ledar. Ya jera mata su a kan tebur, ya gaya mata lokacin da ya ɗinka kowanne. Ta sa yatsa a ramukan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na yi, kamar yadda ya yi. Ta gyaɗa kai a hankali.

"Ka kyauta da ka kawo su. Zan ɗebi kaɗan daga wurin a gwada, mu tabbatar iri ɗaya ne da na nonon. Amma hoton jikinta ya fito." Ta dube shi. "Malam, kai wane ne a wurinta? Abin da zan faɗa na makusanta ne."

Na kafa ido a kan takalman. Ban taya shi ba.

"Ni ne mai ɗinka mata takalmi," ya ce. "Ni ne kuma zan aure ta. Ranar tana nan inda aka sa ta."

Na ɗago na dube shi.

"To ja kujera ka zauna," in ji likitar. "Maganar ba ta tsaye ba ce."

Ta yi wa nas alama ta rufe ƙofa. Ya jawo kujerar har gwiwarsa ta kusa taɓa tawa. Ta juyo mana da fuskar kwamfutar.

Ban iya karanta hoton asibiti ba. Amma gano tabo a jikin kaya sana'ata ce, tun daga nesa nake hango shi. Na hango na nonon. Idona ya gangara ƙasa kaɗan.

Ba shi kaɗai ba ne.